Rasuwar Gajimare Mai Ƙamshin Mangwaro

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hanci wanda har yau bai rabu da ƙauri ba, Basiratu 'yar Na'Allah ta unguwar bayan tasha a nan Filinge tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na cikin gari da na ƙauyukan Kurfai, da direbobin hanyar Baleyara zuwa Yamai, cewa Gajimare ya riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar kasuwa da hantsi, a tafin hannun maigidanta Zaidu direba, bayan doguwar jinya wadda masu magani suka yi wa yawa.

Saboda waɗanda ba su san mamacin ba, Gajimare ɗan ƙarfen nan ne na zuƙar hayaƙi, mai aiki da batir, wanda wasu ke ce wa tabar lantarki, samarin Yamai kuma su ce shisha ta aljihu. Tsawonsa bai wuce totuwar masara ba. Baƙi ne mai sheƙi, da ɗan tanki na gilashi a kansa inda ake zuba masa ruwansa, a cikin tankin kuma akwai lagwanin auduga da siririyar waya ta naɗe. In an danna shi sai wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa ya fesar. Abin da yake fesarwa shi ya ba shi suna, domin ranar da ya iso gidan, tsakiyar bazara, wani manomi da ke wucewa ya hangi farin abu ya taso daga bayan katanga, ya tsaya ya ɗaga kai yana duban gabas.

Ba a iya faɗin alherin Gajimare sai an faɗi yadda gidan yake kafin zuwansa. Zaidu ya fara shan sigari tun kafin ya auri Basiratu. Ta same shi da ita, ta haifi 'ya'yanta a cikin hayaƙinta. Babu rigarsa guda da ba ta da 'yan hudoji a gaba, kai ka ce fara ta sauka a kanta. Tarinsa na asuba kuwa maƙwabta sun daɗe da dogara da shi, har wata tsohuwa ta taɓa cewa ita ba ta jiran ladan, tarin Zaidu take jira. Basiratu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi yaji sau ɗaya ta dawo, duk a banza.

Abu guda ne kawai ta taɓa gani ya raba bakin Zaidu da sigari, shi ne zuwan mahaifinta, Baba Na'Allah, daga Shikal. Zaidu mutum ne mai baki a tasha, yana iya zagin babbar mota da direbanta da wanda ya ƙera ta, amma a gaban surukinsa ko ruwa ba ya iya haɗiya. Zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yar da allura. Wata rana tsohon ya yi sallama ba zato, Zaidu yana tsakar zuƙa. Sai ya cusa sigarin da wutarta cikin aljihu, ya durƙusa yana gaisuwa. Baba Na'Allah kuwa mai doguwar gaisuwa ne, sai da ya tambayi gida da aiki da gajiya da mota da tayoyin mota. Hayaƙi na fita ta gefen rigar Zaidu, shi kuwa yana ta “Lahiya lau, Baba, lahiya lau.” Tabon yana nan a cinyarsa har yau.

Bara waccan, in Basiratu ba ta manta ba bayan an gama girbin hatsi ne, tarin ya ƙi tsayawa ga asuba, ya bi shi har cikin mota. Aka kai shi asibiti a Yamai aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ɗaga hoton wajen haske, ya dube shi, ya dubi Zaidu, ya ce ko ya bar sigari ko sigari ta raba shi da 'ya'yansa, ya zaɓa. Zaidu ya gwada goro har haƙoransa suka yi ja, ya gwada alawa, ya gwada asawaki. Kowanne ya yi masa mako, sannan a sake ganinsa gaban teburin mai sigari.

A nan ne Alhassan, ƙanen Basiratu mai gyaran waya a Yamai, ya aiko da Gajimare cikin ɗan kwali, da kwalaben ruwansa masu ƙamshin mangwaro, da lagwani biyu na canji. Da aka nuna wa likita, bai yi tafi ba. Ya ce shi ma wannan ba magani ba ne, in zai raba shi da sigari to madalla, amma ranar da ya rabu da su duka biyun, ranar ce zai yi murna. Basiratu ta riƙe maganar nan ta ajiye.

Mamacin ya zo da halin kirki. Bai taɓa huda riga ba. Bai taɓa tambayar ashana ba. Bai bar toka a kan tabarma ba, bai sa an yi wa Basiratu kallon matar mai warin taba a gidan biki ba. Ɗakin da ya shekara da shekaru yana warin tasha ya koma ƙamshin lambu, har Nafisa, autarsu, ta kwana biyu tana leƙen ƙarƙashin gado tana neman inda aka ɓoye mangwaro. Akuyar gidan ta ƙaunaci Zaidu a karon farko a rayuwarta, tana binsa har bakin ƙofa. Muryar Gajimare kuwa mai taushi ce, in an zuƙe shi sai ya ce “fsssss”, a hankali, kamar an yayyafa ruwa a kan kasko mai ɗumi. Abincinsa kaɗan ne, a sa masa igiyar caji ya sha, ya ƙoshi, ya yi shiru. Laifinsa guda da Basiratu ta sani, wata rana a shingen hanya wani jandarma ya ga farin hayaƙi ya cika gaban motar, ya sheƙo da bokitin yashi yana kiran fasinjoji su fito.

Amma babban alherinsa shi ne wata safiya da Basiratu ta farka ta ji gidan tsit. Gari ya waye, zakara ya yi cara, ba tari. Ta tashi zaune. Ta miƙa hannu ta sa a hancin Zaidu ta ji ko yana numfashi. Ya buɗe ido ya ce, “Basira, mi ya faru?” Ta ce ba komai, ƙuda ta kora. Ta fita ta zauna bakin murhu ta yi kukanta ita kaɗai, sannan ta hura wuta. Wanda ya yi wa mace irin wannan alheri, ko ƙarfe ne, ya cancanci a yi masa makoki.

Tun ranar da ya aiko shi, Alhassan ya turo saƙon murya mai tsawo yana faɗin yadda ake renonsa. Ya ce kada a bar tankin ya ƙafe, domin in audugar ta bushe ita wutar za ta ci. Ya ce in an sa sabon lagwani a bar shi ya jiƙa tukuna kafin a zuƙa. Ya ce a riƙa ba shi hutu tsakanin zuƙa da zuƙa, kada a ƙara masa wuta fiye da yadda ya saita, kada a bar shi cikin rana, kuma, ya rantse da Allah ya maimaita, kada a zuba masa komai in ba ruwansa ba. Zaidu ya saurari rabin saƙon yana lodin buhuna. Basiratu ce ta saurare shi duka har ta haddace, sai dai a garin nan in ana maganar inji ba a tambayar wadda ke riƙe da muciya.

Basiratu ba ta zo ɗora wa kowa laifi ba, kwana ne ya ƙare. Amma tarihi tarihi ne, kuma ciwon ajalin Gajimare a fada ya same shi. Duk wanda ya san fadar su Zaidu, wadda ke zama ƙarƙashin bishiyar bedin bakin tasha ana dafa shayi, ya san dokarta: ba a cin abu a ɓoye. Goro guda in ya shigo sai an fasa shi ya kai kowa. Ranar da Zaidu ya fito da Gajimare ya zuƙa shi kaɗai, fada duka ta zuba masa ido. Sai Abba tela, babban amininsa, ya ce, “To, Zaidu an yi arziki. Yanzu hayaƙi ma shi kaɗai shika sha. Mu da munka raba karan sigari guda da shi mu huɗu, yau mun zama 'yan kallo.” Wane ɗa ne zai ji wannan ya mayar da abu aljihu? Zaidu ya miƙa.

Daga ranar Gajimare ya shiga layin shayi. A fara da babba, ya zagayo dama, ya dawo. Kuma tunda shayi zagaye uku ake yi, fada ta yanke cewa shi ma uku zai yi, don kada a ce an raina shi. Mutum goma sha wani abu, kowa da irin zuƙarsa, wannan na sakewa wancan na karɓa. Abba kuwa in ya kama shi sai ka ce guga yake ja daga rijiyar Kurfai mai zurfi, ido rufe, kumatu a lotse, ba ya saki sai jijiyar wuyansa ta fito. Gajimare yakan dawo hannun Zaidu da zafi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Basiratu ta ɗinka masa 'yar jaka ta atamfa, tana karɓarsa da yamma ta shafa shi, ta ji jikinsa rau, ta ce, “Baban Nafisa, Alhassan fa ya ce a riƙa ba shi hutu.” Zaidu ya ce, “Ke, inji in bai aiki ba shi ka lalacewa. Tambayi kowane direba.”

Muryar Gajimare ce ta fara canzawa. “Fsssss” ta koma “tas, tas, tas”, kamar gishiri ya faɗa wuta. Sannan ɗanɗano. Wata rana Zaidu ya zuƙa ya yamutsa fuska ya ce yau mangwaron kamar an gasa shi cikin tsumma. Ƙauri ne sosai, irin na tuwon da aka bari a wuta aka tafi kallon faɗa. Sai kuma launi. Ruwan da ke zuwa garau kamar na sabuwar randa ya koma kalar shayi na uku, bayan kwanaki ya koma na biyu, sannan na farko, mai ɗacin nan da ake ba manya. Basiratu ta lura cewa shayi daga baƙi yake tafiya zuwa fari, shi kuwa bawan Allah nan hanyar ya juya.

Ta tuna da lagwanin canji, ta ɗauko guda. Zaidu ya ɗaura shi, ya cika tanki, kafin ta buɗe baki ta ce a bar shi ya jiƙa, ya riga ya danna ya ja da ƙarfinsa duka. Ya yi tari har hularsa ta faɗi. Sabon lagwani ya ƙone tun bai ga duniya ba. Na biyun kuwa an neme shi an rasa, kuma akuya ce kaɗai ta san inda yake.

Da labari ya bazu cewa Gajimare ba lafiya, sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma a ƙasar nan ba a zuwa dubiya hannu sake, kowa da maganinsa. Abba tela ya ce rauni ne, mota ma in ta ƙi hawa tudu wuta ake ba ta, ya danna ya danna har lambar ƙarfin wuta da ke jikinsa ta kai ƙarshe. Ranar hayaƙin ya fito da wari kamar wanzami ya ƙona gashi. Zaidu ya ji yana “ƙurr, ƙurr” a ciki, ya ce mura ce, sanyi ya kama shi, ya kwantar da shi gaban gilashin mota tun daga Filinge har Baleyara don rana ta gasa shi. Ya sauka da ruwansa kalar daddawa.

Yaya Muna, yayar Zaidu, ta zo da nata ilimin. Ta ce ita ta shekara arba'in tana tuƙa tuwo, babu ƙaurin da gawayi bai sha ba, in tukunya ta kama ka jefa gawayi guda ka rufe, shi ke nan. Basiratu ta ce, “Yaya Muna, wanga fa ba tukunya ba ce.” Muna ta ce, “Yana da wuta a ƙasa?” Ta ce yana da. “Yana da ruwa a sama?” Ta ce yana da. “To mi ar tukunya in ba wannan ba?” Ta gutsuro gawayi kamar ƙwayar gero biyu ta jefa. Wata maƙwabciya ta kawo kanwa ta ce ba ciwon cikin da ta bari. A nan Basiratu ta tsaya bakin ƙofa ta ce sai dai a bi ta kanta. Kanwa kaɗai ce ba ta shiga cikin marigayin ba, kuma tana so a rubuta wannan a san ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Maganin ƙarshe fada ce ta zauna ta yanke shi baki ɗaya. Suka ce abu mai ɗaci maganinsa guda ne tun kakanni: sukari. Shayin farko in ya yi ɗaci me ake yi masa? Mai dafa shayi ya narka sukari mai kauri a ɗan kofi, aka ɗura wa Gajimare, Abba ya ƙara ɗigon zuma don albarka. Sun ce zuƙa biyu na farko sun yi daɗi ƙwarai, har an fara yi wa Zaidu barka. A ta uku wani irin wari ya taso wanda ya sa mai tsiren da ke gefe ya duba wutarsa. Zaidu ya kawo shi gida yana ɗanƙo, ruwan ciki baƙi ƙirin kamar man da aka juye daga injin mota. Da safe kiyashi sun yi layi daga bakin ƙofa har cikin 'yar jakarsa. Su ne suka fara zuwa gaisuwa.

Basiratu ta kira Alhassan ta waya mai hoto, ta kwance tankin ta nuna masa. Wayar nan siririya ta ɓace cikin baƙin ƙanzo mai kauri, audugar ta zama toka, ɗanƙon kuma ya zurara ƙasa cikin jikin inda batir yake. Alhassan ya matso da fuskarsa ya ƙura ido. Sannan ya ce, “Yaya, don girman Allah, mi kunka sa mai?” Ta faɗa masa, tun daga wuta har zuma. Ya dafe kai. Ya ce ko ruwansa na gaskiya in zaƙi ya yi masa yawa yakan daskare a kan wayar ya baƙanta tanki, balle sukarin shayi. Ya ce da tun ranar da ƙauri ya fara an tsaya, an wanke tankin, an sa sabon lagwani an bar shi ya jiƙa, an rage wuta, da yanzu yana nan da ransa. “Wanga ba jinya kunka yi ba, Yaya, alawa kunka dafa. Kada wanda ya sake danna shi.”

Zaidu ya ce zai danna sau ɗaya kawai, na bankwana. Ya ɗauke shi a tafin hannu, ya danna. Gajimare ya ce “ƙurrr”, ya ce “tas”, ya saki wani ɗan siririn hayaƙi wanda ko sauro ba zai kora ba. 'Yar fitilarsa ta ƙifta, ta ƙifta, ta rufe. Aka sa masa igiyar caji, bai sha ba. Basiratu ta cire ɗankwalinta ta lulluɓe shi.

Marigayin ya rasu ya bar igiyar caji guda, wadda yanzu wayar Basiratu ta ɗauke ta riƙo. Da kwalinsa na haihuwa, da kwalabe wofi da Nafisa ke wasan 'yar tsana da su, da jakar atamfa, da akuya wadda ta koma kallon Zaidu kamar ba ta taɓa saninsa ba. Ya kuma bar marayu biyu da suka fi kowa ban tausayi, su ne yatsun Zaidu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Tun ranar suke yawo ba su san inda za su sa kansu ba, su taɓa leɓe, su shiga aljihu, su fito, su ƙwanƙwasa gwiwa.

Yatsun nan su suka hana Basiratu sukuni. Washegari ta hangi Zaidu daga bakin rijiya, ya zo daidai teburin mai sigari sai tafiyarsa ta yi sanyi kamar mota ta ga shinge, ya tsaya yana gaida mutumin da gaisuwar da ta fi ƙarfin zumuncinsu. Da ta zo wanki kuma sai ga karan sigari guda a aljihun rigarsa, sabo, ba a kunna ba. Ta kai masa a tafin hannu. Ya ce na wani fasinja ne ya ba shi ajiya. Ta ce, “Wane fasinja ne ka ba direba ajiyar kara guda?” Ya ce, “Talaka ne.” Ba ta yi faɗa ba, ta riga ta san faɗa ba ya kama shi. Ta tuna hoton nan da likita ya ɗaga wajen haske, ta tuna safiyar da ta sa hannu a hancinsa, ta tuna tabon cinyarsa. Sai ta aika Shikal cewa an yi mata rasuwa.

Baba Na'Allah ya iso bisa amalanken jaki, da tabarmarsa da butarsa da carbinsa. Ta tare shi a zaure ta gaya masa gaskiya duka, wane ne ya mutu da abin da take tsoro. Tsohon ya shafa gemu ya ce, “Ɗiyata, na zauna makokin mutanen da ba su yi wa kowa rabin abin da wanga ƙarfe ya yi miki ba. Ina za ni shimfiɗa?” Ta nuna masa bakin ƙofar gida, inda duk mai fita sai ya tsallake ƙafarsa. Zaidu ya dawo daga tasha, ya hango farin gemu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Baba ya ce, “Direba, ya haƙuri? Ashe rashi munka yi.” Zaidu ya ce, “Haƙuri da godiya, Baba,” da murya kamar ta wanda aka taka wa yatsa a masallaci. Baba ya ce, “Zamna nan kusa da ni. Mai makoki ba a barinai shi ɗai.”

Ga yadda aka shirya jana'iza. An tambayi liman, ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla ba a yi masa likkafani, amma bai san littafin da ya hana a zauna a taya mutum haƙuri ba. Saboda haka za a sa gawar cikin jakarta ta atamfa, a sa cikin gwangwanin madara, a rufe ta bayan rumbu gobe in an sauko daga la'asar, da zurfi, saboda akuya. Batir ba zai bi shi ba, Alhassan ya ce in ya ji wuta ko danshi yana iya tashi da rumbun, don haka an cire shi za a mayar masa Yamai. Yaya Muna ce za ta yi wanka, tunda ta san cikinsa. Abba tela zai haƙa ramin shi kaɗai, kowa ya shaida yana da numfashin yin haka.

Zaman makoki ya riga ya fara, a ƙofar gidan Zaidu. Baba Na'Allah ne ke riƙe da tabarma daga safe zuwa azahar, ƙannensa biyu da ke tafe daga Shikal za su karɓa daga nan har a shiga barci. Ranar da Zaidu ke da lodin Yamai, Baba ya ce ya daɗe yana marmarin ganin babban birni, don haka kujerar gaba tasa ce, zuwa da dawowa, fasinjoji su yi haƙuri. A fada ma an ba shi wuri kusa da mai dafa shayi. Katangar bayan gida kuwa gajeruwa ce, hayaƙi kuma sama yake tashi, Yaya Muna ta ce ta ɗauki gadin wannan gefen don ta rage nauyin gawayinta.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da goro, ko dabino, ko aya, ko rake, duk abin da zai ba baki da yatsu aiki. Wanda ya zo da sigari a aljihu ya ajiye ta tun daga bakin tasha. Mai teburin sigari an karɓi gaisuwarsa daga nesa, an yafe masa zuwa. Mutanen fada duka an yafe musu, sharaɗi guda, duk wanda ya ga Zaidu ya nufi wani lungu shi kaɗai ya bi shi ya taya shi baƙin ciki, tunda dokarsu ce ba a cin abu a ɓoye.

Za a yi sadakar uku da kunu, ta bakwai da dambu. Zaidu ya tambaya a hankali, ta bakin Nafisa, ko bayan bakwai ɗin Baba zai koma, saboda gona. Baba ya ce a gaya masa hatsi na rumbu, jaki ya ƙoshi, shi ba shi da wani aiki sai hadarin gaske ya taso daga gabas, kuma ba a taɓa jin surukin kirki ya tashi kafin arba'in ba. Yau da safe Zaidu ya tauna rake har ya tara tudu a gabansa, ya harari akuya, ya harari rumbu, amma bai yi tari ba.

A ƙarshe, Alhassan ya yi alkawarin aiko da wani sabo da zarar kaya sun iso masa daga Kwatano. Basiratu tana roƙon duk mai shiga Yamai, in ya bi ta rumfarsa, ya gaya masa yayarsa ta gode, Allah ya yi masa albarka, amma kada ya matsa wa kansa. Teku da nisa, hanya ba kyau, kuma Baba bai gaji da zama ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya bar mana mai ƙirjin.